Awannin da tirela ke tsaye: fashin baƙi kan tsara cajin manyan motocin lantarki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da harkar manyan motoci ya san shan mai ba ya cikin abubuwan da ke hana mai mota barci, in ban da kuɗinsa. Direba zai ratse gidan mai, a ɗura masa dizal cikin minti goma sha biyar, ya kama hanya, ya ci kilomita dubu ko fiye bai sake waiwayar famfo ba. Tirela mai aiki da batir ta zo da wani hali daban. Abin da take ɗauka a cikinta ba ya kai ta nisan da dizal ke kai 'yar'uwarta, cika ta yana cin lokaci, wutar da za ta sha kuma sai an jawo ta ta waya, wayar nan tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Shi ya sa kamfanonin dakon kaya a Turai da Amurka da Sin suka wayi gari da sabon aiki a hannu: su tsara wace mota za ta sha wuta, a ina, da ƙarfe nawa, da wane ƙarfi.

Doka ce ta fara tura su. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da ƙa'idar da ta ɗora wa masu ƙera manyan motoci nauyin rage hayaƙin sababbin motocinsu da kashi 45 cikin ɗari zuwa 2030, kashi 65 zuwa 2035, kashi 90 zuwa 2040. A Holan kuwa, tun ranar 1 ga Janairun 2025 birane irin su Amsterdam da Rotterdam da Utrecht suka fara killace tsakiyar gari, inda sannu a hankali za a rufe wa motocin kaya masu hayaƙi ƙofa. Motocin sun riga sun fito. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera tirelarsa mai lantarki, eActros 600, gadan-gadan a ƙarshen 2024 a masana'antarsa ta Wörth da ke Jamus, kuma a farkon 2025 Amazon ya yi odar fiye da 200 daga cikinsu. Sayen motar shi ne ɓangare mai sauƙi. Ciyar da ita kullum, a farashin da ba zai cinye ribar lodi ba, a nan gizo ke saƙar.

Kafin a je ko'ina sai an raba ma'auni biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Na farko yawan wutar da ke cikin batir, wanda ake aunawa da abin da muke kira yunit a mitar gida, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Na biyu ƙarfin da wutar ke kwarara da shi, wanda ake aunawa da kilowat. Yunit shi ne ruwan da ke cikin tanki, kilowat shi ne kaurin bututun da ke zuba shi. Batirin eActros 600 yana ɗaukar yunit 621, kuma kamfanin ya ce yana kai motar kilomita 500 da nauyin tan 40. Volvo FH mai lantarki da aka fara sayarwa kafin ta yana ɗaukar yunit 540, yana cin kusan kilomita 300. A taƙaice tirela mai cikakken lodi tana shan yunit ɗaya da ɗan ɗoriya a kowace kilomita. Gidan da ke shan yunit 10 a rana zai yi wata biyu kafin ya ƙarar da abin da batirin mota guda ke ɗauke da shi.

Yanzu mu ƙaddara wani gareji mai tireloli 20, don mu ga lissafin da idonmu. Kowace mota tana yin kilomita 300 a rana tana kai kaya shaguna, tana shan yunit 1.2 a kilomita. Yunit 360 ke nan. A ƙara abin da ke zurarewa a matsayin zafi tsakanin waya da caja da batir, a ce yunit 400. Motoci 20 za su buƙaci yunit 8,000 kowane dare. Suna dawowa wajen ƙarfe shida na yamma, suna fita biyar na asuba. In aka cire lokacin dubawa da wanki da juye-juye a fili, akwai awa goma cur da suke tsaye babu abin da suke yi.

Mai kamfanin da ya saba da gidan mai zai so kowace mota ta cika da wuri, sai ya saya wa kowace caja mai kilowat 350. Ƙarfe shida da rabi duk an jona su. Motoci 20 sau 350, kilowat 7,000 ke nan, megawat bakwai, irin wutar da babbar masana'anta ke ja. Kafin ƙarfe takwas duk sun cika, daga nan har asuba cajojin da taransifomar da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu suna zaune kawai. Wanda ya zauna ya yi lissafi kuwa zai raba yunit 8,000 ɗin nan gida goma, ya ga kilowat 800 sun ishe shi, wato kowace mota ta riƙa tsotsar kilowat 40 a hankali har gari ya waye. Motocin iri ɗaya ne, tafiyar iri ɗaya, wutar da aka sha ma daidai take, amma layin da na farko yake buƙata ya ninka na biyu kusan sau tara.

Wannan bambancin yana cizo ta wuri biyu. Na farko a takardar kuɗin wuta. Manyan masu amfani da lantarki a Turai da Amurka ba yunit kaɗai suke biya ba. Mita tana auna abin da suka ja a kowane minti goma sha biyar, sai a ɗauki mafi girma a cikin wata, a Jamus ma sau da yawa a cikin shekara, a yanka musu kuɗi a kansa. Yamma ɗaya da aka bar motoci duka suka ja wuta tare tana iya ɗaga kuɗin watan gaba ɗaya, ko da sauran kwanakin an bi a sannu.

Na biyu ya fi ciwo, domin kuɗi ba ya maganinsa nan take. Layin da zai kawo megawat bakwai ba ya nan a mafi yawan garejoji, tunda an gina su ne don fitilu da ofis da ɗakin sanyi. Sai an nemi kamfanin rarraba wuta ya ja sabon layi, ya kawo sabuwar taransifoma, wani lokaci ya faɗaɗa tashar yankin baki ɗaya. Mota ana iya samunta cikin watanni, wannan aikin kuwa yana ɗaukar shekara ɗaya, biyu, ko fiye. A Holan abin ya kai ga layukan wuta sun cika maƙil a yawancin sassan ƙasar, dubban kamfanoni suna jerin jira don a ba su sabon layi ko a ƙara musu ƙarfi. Ƙasar da ke kan gaba wajen korar dizal daga birane ita ce kuma mai kamfani zai nemi ƙarin wuta a ce masa ya dakata. A wurin irin wannan mutum, tsara caji shi ne abin da zai yanke ko motoci biyar zai iya sawa a hanya ko ashirin da layin da yake da shi a yau.

Sai dai raba wuta daidai-wa-daida tsakanin motoci lissafin allo ne. A gareji na gaske ba haka dare yake tafiya ba. Motar da ke kai madara za ta fita ƙarfe uku na dare. Wata ta maƙale a cunkoso ba ta shigo ba sai goma, batirinta saura kashi 8. Wata ta yi gajeren zango, ta dawo da fiye da rabi, gobe ma ba za ta yi nisa ba. Ɗakin sanyin sito yana jan nasa kason daga layi ɗaya, kuma yakan ƙara ja idan aka buɗe ƙofofi ana lodi. A nan manhajar raba wuta ke shigowa. Abu uku take son sani game da kowace mota: nawa ya rage a batirinta, nawa take buƙata don aikin gobe, ƙarfe nawa za ta tashi. Sai ta duba iyakar layin, ta cire abin da ginin ke sha a wannan lokacin, ta raba ragowar. Mai fita ƙarfe uku ta samu kilowat 90, mai rabin batir ta jira sai bayan tsakar dare, wadda ta makara a ɗora ta a kan babbar caja ɗaya ko biyu da aka tanada don irin haka. Da motar madara ta cika, kasonta ya koma kan saura.

Abin da nake ganin an fi yin sakaci da shi shi ne, manhajar nan ba ta san gaibu ba. In ofishin da ke raba lodi ya sauya wa mota hanya da ƙarfe tara na dare, daga kilomita 200 zuwa 380, bai kuma shigar da sauyin inda manhajar caji za ta gani ba, direba zai zo da asuba ya tarar da batir a kashi 60, daidai yadda aka umarta, amma ba zai kai shi ba. Don haka dole mai raba lodi da mai kula da caji su zama suna duba allo ɗaya. A da waɗannan mutane biyu ba su da abin da ya haɗa su. Yanzu kuskuren ɗaya yana kwana a kan ɗayan.

Akwai kuma halin batir da ya kamata mai tsarawa ya riƙe. Wanda ya taɓa cika jarka a famfo ya san da farko ana sakin ruwa da ƙarfi, in ta kusa cika sai a rage don kada ta yi ambaliya. Haka batir yake. Daga kashi 20 zuwa 80 yana karɓar wuta da sauri, daga nan sai ya riƙa jan ƙafa don kare kansa daga zafi. Shi ya sa kamfanoni ke faɗin lokacin caji daga 20 zuwa 80. A gareji da dare wannan ba damuwa ba ce. A kan hanya kuwa, direban da ya tsaya sai ya ga kashi 100 yana ɓata lokacinsa, yana kuma tare wa na bayansa wuri. Sanyi ma yana da nasa haraji: a hunturun Turai batir ba ya bayar da abin da yake bayarwa da bazara, ga ɗumama ɗakin direba, ga iska da dusar ƙanƙara da ke ƙara wa mota nauyin ja. Wanda ya auna hanyoyinsa da watan Yuni zai sha mamaki a Janairu. Da mafi munin rana ake auna hanya, sannan a bar ɗan abin ajiya a batir saboda karkata hanya ko cajar da aka tarar ta lalace.

Motocin dogon zango, waɗanda ba sa kwana a gida, lissafinsu ya rataya ne a kan dokar hutun direba. A Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45. Tuƙin yini awa tara ne, ana yarda da goma sau biyu a mako, sannan hutun dare na awa 11. Na'ura ce a cikin motar take rubuta wannan, ba a yi mata wayo cikin sauƙi. To, a gudun kilomita 80 a awa, awa huɗu da rabi kilomita 360 ce, wato wajen yunit 430. Don a mayar da wannan cikin hutun minti 45, bayan an cire lokacin shiga da fakin da jonawa, ana buƙatar abin da ya kai kilowat 700. Wannan ne ya haifar da sabon tsarin caji na megawat, wanda ake kira MCS, da CharIN, ƙungiyar kamfanonin da ke tsara ƙa'idojin caji, ta gabatar a birnin Oslo a 2022. An tsara shi ya iya ɗaukar har megawat 3.75, wayarsa ma ruwa ne ke zagayawa a ciki yana sanyaya ta. Mercedes-Benz ya ce da irin wannan caja eActros 600 za ta tashi daga kashi 20 zuwa 80 cikin kusan rabin awa.

Labarin megawat shi ne ke cika kanun jaridu, kuma na fahimci dalili, abu ne mai ban sha'awa. Amma a sake duba lissafin. Direba ɗaya a yini, awa tara a kan kilomita 80, ba zai wuce kilomita 720 ba, kuma da wuya hanya ta bar shi ya kai haka. In ya tashi da cikakken batir mai kilomita 500, abin da yake nema da rana ƙarin kilomita 200 da wani abu ne kawai. Caja mai kilowat 400 irin wadda ake da ita yanzu tana iya zuba kusan yunit 250 zuwa 300 a cikin hutun nan, kuma hakan ya rufe giɓin. Abin da ya fi damun wannan direban shi ne ya iso ya tarar da wurin babu kowa a kai, cajar tana aiki, kuma filin ya isa ya shiga da bodinsa ba sai ya kwance kan motar ba. Da dare kuma ya samu wurin kwana mai caja ko da mai ƙaramin ƙarfi ce, tunda awa 11 na gabansa. Megawat tana da wurinta: motar da direbobi biyu ke karɓa-karɓa, ko wadda ba ta tsayawa sai ta sauke ta juya. Ga yawancin motoci, tabbacin samun wuri ya fi ƙarfin caja daraja, shi ya sa batun kama wuri tun kafin a iso ya zama babban abin da ake aiki a kai.

Ana gina wuraren. Daimler Truck da Traton da Volvo, masu ƙera manyan motoci waɗanda abokan hamayya ne a kasuwa, sun haɗa Yuro miliyan 500 suka kafa kamfanin Milence a 2022, da burin kafa wuraren jona caji 1,700 a Turai. Tasharsu ta farko ta buɗe a Venlo da ke Holan a ƙarshen 2023. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kuma ta ce zuwa 2030 a samu tashar cajin manyan motoci a kowace kilomita 60 a kan manyan hanyoyin nahiyar, da kowace kilomita 100 a kan na biye da su. Duk da haka wutar kan hanya ta fi ta gareji tsada, sau da yawa nesa ba kusa ba, domin mai tashar sai ya fanshe kuɗin fili da layi da cajojin da ke zaune babu ciniki a yawancin awanni. Ribar tirelar lantarki a kan ta dizal daga arahar wuta take fitowa, tunda wajen saye ta fi tsada sosai. Duk yunit ɗin da aka sha a waje maimakon a gida yana rage wannan ribar.

Misalin PepsiCo, kamfanin lemon Pepsi, a jihar Kalifoniya ya nuna yadda ake haɗa caja mai ƙarfi da cajin gareji. Kamfanin ya karɓi tirelolin lantarki na Tesla Semi na farko a Disambar 2022. A cibiyarsa ta Sacramento ya kafa cajoji huɗu masu kilowat 750 kowace, megawat uku ke nan, suna hidimar motoci 21. A wani gwaji da aka yi a bainar jama'a a Satumbar 2023, ɗaya daga motocin ta yi mil 1,076 a yini ɗaya, fiye da kilomita 1,700, da direbobi masu karɓa-karɓa da gajerun tsayawa don caji. Wannan adadin ne kowa ya ɗauka ya yaɗa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne caja huɗu ga mota 21. Ba a samun haka sai an san lokacin shigowar kowace mota da fitarta, an jera su bi da bi yadda caja ba ta zama banza, mota kuma ba ta jira.

Sin ta bi wata hanyar a wuraren da mota ba ta da lokacin tsayawa ko kaɗan, kamar tashoshin jiragen ruwa da ma'adinai da masana'antun ƙarfe. Motar za ta shiga rumfa, na'ura ta ɗaga batirin da ya ƙare ta saka cikakke cikin 'yan mintuna, a yi cajin wanda aka cire a natse. Kamfanin CATL mai ƙera batura na cikin masu tura wannan tsari. Yana buƙatar ƙarin batura a ajiye, da kuma masu ƙera motoci su yarda da girman batir iri ɗaya, abin da ya sa bai yi ƙarfi a Turai ba.

Farashin wutar kansa yana motsi da agogo. A Jamus, saboda yawan sola da injinan iska, an yi awa 457 a 2024 da farashin wuta a kasuwar sari ya faɗi ƙasa da sifili. Matsalar ita ce yawancin irin waɗannan awanni da tsakar rana suke faɗowa, lokacin da tireloli ke kan hanya. Masu dabara suna kama su ta hanya biyu. Wasu suna sa caja a bakin ƙofar lodi, yadda awa ɗayan da mota ke yi ana sauke mata kaya za ta zama awar shan wuta. Wasu suna ajiye babban batir a gareji, girman kwantena, ya sha daga solar rufin sito da rana, ya taimaka wa layi da yamma idan motoci suka dawo. Batirin nan yana da tsada, kuma ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya kawai yake yi. Inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne garejin da layinsa ya yi ƙaranci kuma aka ce masa ƙari sai bayan shekaru.

Girman batirin motar ma shawara ce ta caji. Nauyin na eActros 600 ya haura tan huɗu. Tarayyar Turai ta yi wa motoci marasa hayaƙi rangwamen ƙarin tan biyu a kan nauyin da aka ƙayyade, amma duk da haka mai dakon kaya masu nauyi, irin su lemo ko siminti, yana rasa wani abu daga lodinsa. Motar da ba ta wuce kilomita 180 a rana, tana kuma da caja a inda take sauke kaya, ba ta da dalilin yawo da batirin kilomita 500.

Sai kuma abubuwan da ba a gani a kwamfuta, sai an tsaya a filin. Wane gefe ne bakin cajin motar yake, kuma wayar tana kaiwa in direba ya shigo da baya? An kafa turakun ƙarfe da za su hana bodi ya murƙushe caja cikin duhu? Wa zai sani in caji ya katse da ƙarfe ɗaya na dare saboda motar da cajar sun kasa fahimtar juna, abin da yakan faru? In ba a sa ƙararrawar da za ta tashi wani a waya ba, sai asuba za a gane, lodi yana jira. Garejin da ya san abin da yake yi yana ajiye caja fiye da adadin da lissafi ya nuna, yana kuma koya wa direba ya tsaya ya ga wuta ta fara shiga kafin ya rufe ƙofa ya tafi gida.

Jerin aikin ma yana da tsari. A fara da bayanan tafiye-tafiyen motocin dizal da ake da su, na shekara guda, a ware hanyoyin da ke komawa gida kullum kuma nisansu ba ya sauyawa. A kai wa kamfanin wuta takardar neman layi tun kafin a yi odar mota ko ɗaya. In aka zo haƙa filin gareji don binne waya, a binne bututun da zai ishi motoci hamsin ko da biyar za a fara da su, a bar wa taransifoma ta biyu wurin zama, domin fasa kankaren da tireloli ke bi a kai karo na biyu yana nufin rufe rabin garejin na makonni.